Babi na Shida: Tafasa, Amfanin Gonar da Ba a Shukawa

Ruwan shuka yakan sauka a ƙasar Madarumfa cikin watan Yuni, wani lokaci ƙarshen Mayu idan shekara ta zo da wuri. Kafin gero ya rufe ƙasa, tafasa ta riga ta fito da kunnuwanta biyu. Tana tsirowa ne a inda ba wanda ya ajiye iri: bakin hanyar mota da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa zuwa iyakar Jibiya, gefen burtali, tsohon mashekarin Fulani, juji, kufai, har da tsakanin kunyoyin gona. Maigida yana noman fari, yana sare ta da hauya yana tsaki. Jim kaɗan matarsa ko 'yarsa za ta biyo da ƙwarya tana tsinkar kanta. Kakar yaran kuwa ba ta gaggawa, jira take ciyawar ta tsufa ta yi 'ya'ya, don ita ba ganyen take so ba. Mutum uku a gida ɗaya, kowannensu da abin da yake gani a jikin tsiro ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Madarumfa tana kimanin kilomita 20 kudu da birnin Maraɗi. An fi saninta da tafkinta da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, abin da ya sa Nijar ta shigar da wurin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a 2006. Amma abin da ya shafi wannan babi shi ne ƙasar. Wannan yanki yana cikin inda ya fi samun ruwan sama a Nijar, milimita 500 zuwa 600 a matsakaiciyar shekara, kuma yana cikin inda jama'a suka fi cunkoso. Gonaki sun haɗe da juna, saura ta yi wuyar gani, gandu an raba shi an sake rabawa. A irin wannan wuri, duk abin da zai fito a gefen gona ba tare da an saye iri ko taki ba, ya cancanci a san shi da kyau.

To, a tsaya a dube ta. Tafasa ciyawa ce mai rayuwar damina ɗaya. A jigawa takan tsaya iya gwiwa ko ƙugu, amma a fadamar Gulbin Maraɗi ko a tsohon turken shanu tana iya kai tsayin mutum. Abin da mutane ke kira ganyenta guda, a wurin masana tsirrai ƙaramin ganye ne kawai. Cikakken ganyen shi ne sillen nan mai ɗauke da ƙananan ganyaye shida, biyu-biyu suna fuskantar juna har jeri uku, na ƙarshen sun fi girma. Kowannensu siriri ne daga gindi, faffaɗa daga baki, kuma bakin a zagaye yake, ba shi da tsini. Mai karatu ya riƙe wannan maganar ta rashin tsini, za mu buƙace ta nan gaba. Tsakanin jeri na farko akwai wani ɗan tsiro mai kama da ƙurji, wanda sai an sunkuya ake ganinsa. Ruwa mai zaƙi yake fitarwa, shi ya sa ba a rasa tururuwa a jikin tafasa. Idan rana ta faɗi ganyayen sukan lanƙwashe su rufe juna, da asuba su buɗe. Akwai wani ɗan kumburi a gindin kowane ganye wanda ruwa ke cika shi ko ya janye, shi ne ke ɗaga ganyen ya sauke shi.

Fure ba ya fitowa sai rana ta fara gajarta, wato daga Agusta zuwa Satumba. Rawaya ne, mai fallaye biyar, yawanci biyu-biyu a hammatar ganye. A cikinsa akwai sillayen namiji guda goma, amma bakwai ne kaɗai ke ɗauke da garin haihuwa. Kuma garin ba a fili yake ba, yana cikin 'yar jaka mai ƙaramar ƙofa a bakinta. Ƙudan zuman da muke ɗebe wa saƙa ba ya iya fitar da shi. Sai irin manyan baƙaƙen nan masu huda itace, su ne ke rungumar furen su girgiza jikinsu da ƙarfi har garin ya feso. Tafasa ba ta ma dogara da su ba, furenta yakan yi wa kansa barbara, don haka ko guda ɗaya ce tilo a tsakiyar fili za ta yi 'ya'ya. Daga furen kwanso ke fitowa, siriri, dogo, mai santimita 15 zuwa 20, ya lanƙwashe ƙasa kamar lauje. A cikinsa ƙwayoyi ne a jere, 20 zuwa 40, masu kusurwa, ruwan ƙasa, masu sheƙi.

A ƙwayar nan ne naci yake. Ɓawonta yana da tauri, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, saboda haka ba dukansu ke tsirowa a damina ɗaya ba. Wasu bana, wasu baɗi, wasu sai bayan shekaru. Saniya ta haɗiye ta a rani, ta fito a kashi ba abin da ya same ta, ta ma sami taki. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin tafasa ta yi dandazo a burtali da mashaya. Ɗanyen ganyenta kuma dabba ba ta cika son sa ba saboda warinsa, sai ta cinye ciyawar da ke kewaye ta bar mata fili. Makiyaya sun san wannan, kamar yadda suka san garmani wanda shi ma ya mamaye makiyayu da yawa a jihar Maraɗi. Akwai wani kuskure da har wasu malaman gona ke yi. Da yake tafasa dangin wake da gyaɗa ce, sai a ɗauka tana ƙara wa ƙasa ƙarfi yadda suke yi. Wake da gyaɗa suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu inda wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna kamo sinadarin naitirojin daga iska. A tumɓuke tafasa a duba, ba a ganin su. Ba ta kawo wa ƙasa abin da babu, abin da ta tarar take ci. Idan an gan ta ta yi kyau a wuri, wurin ne mai kyau tun asali.

Sunanta a littattafai ya sha kwan-gaba-kwan-baya. A 1753 masanin nan na Suwidin, Carl Linnaeus, ya rubuta tsirrai biyu masu kama da juna, Cassia tora da Cassia obtusifolia. Shekaru da dama marubuta suna haɗe su wuri ɗaya. John Dalziel, likitan mulkin mallaka da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya kuma ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da sunan farko ya rubuta tafasa, kuma har gobe haka ɗalibai da yawa ke kwafa. Bayan an sake nazari sai aka ga wadda ta cika ƙasashenmu ita ce ta biyun, ta farkon kuwa ta fi yawa a Asiya. A 1982 Howard Irwin da Rupert Barneby na Amurka suka mayar da ita cikin rukunin Senna, ta zama Senna obtusifolia. Yawancin masana suna ganin asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne. Idan haka ne, baƙuwa ce da ta zama 'yar gari, tare da gyaɗa da barkono da tumatir ɗin da ake haɗa ta da su.

Haɗin shi ne kwaɗo. Matar da ta san aikin ba ta cin karo da tafasa ta yi ta zaga, kan kawai take tsinka, ganye mai laushi da bai ga fure ba. Tsohuwa takan ce wa jikarta, "Ke 'yar nan, bar na ƙasan, sai dai idan kwana za ki yi a bayan gida." Ana dafa shi sosai, a tsiyaye ruwan a zubar, a matse. Wasu ma sukan canza ruwa su sake dafawa. Sannan a daka ƙuli-ƙuli, a yanka albasa, a sa gishiri da barkono, a ɗiga man gyaɗa. Wanda ya rage a shanya shi a inuwa, a ɗura a buhu don miyar rani ko dambu. Daga Yuli zuwa Satumba da wuya a shiga kasuwar ƙauye a ƙasar Madarumfa, ko kasuwar Maraɗi ta Litinin da Juma'a, ba a ga 'yan mata da tiren kwaɗo ba.

A ganina kowane mataki na wannan girki yana da hujjar da za a iya kare ta a gaban masanin sinadarai. Tsohon ganye ya fi saka gudawa, don haka ake zaɓen sabo. Wani kaso na sinadaran da ke murɗa ciki yana narkewa a ruwan zafi, don haka ake zubar da ruwan. Ganyen yana da furotin da kalsiyam da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kuma abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda ido da fata ke buƙata. Shi wannan na ƙarshe hanji ba ya tsotse shi da kyau sai da maiƙo, ga shi kuwa an sa mai da ƙuli-ƙuli. Akwai asara, don bitamin C yakan bi ruwan da aka zubar. Amma cinikin ya yi riba.

Sai dai tafasa ta gaji wani tabo, wai abincin yunwa ce. Tabon yana da tushe. Watannin da take fitowa su ne watannin da rumbu ke ƙarewa, sabon gero kuma bai nuna ba. Tsofaffi sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 daga iyayensu. Da yawa da ke raye sun ga ta 1984 zuwa 1985, wadda mutanen Maraɗi suka laƙaba wa El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar da Janar Muhammadu Buhari ya yi. Wata da duniya ta ji labarinta ita ce ta 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004. A shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, yayin da Shugaba Tanja Mamadu ke musanta cewa yunwa ce. 'Yan jaridar ƙasashen waje suka yi ta ɗaukar hoton mata suna tsinkar ganye, a matsayin shaidar cewa abinci ya ƙare.

Hoton bai faɗi gaskiya duka ba. Matan nan suna tsinkar tafasa ko a shekarar da rumbu ya cika. Abin da ya kamata a leƙa shi ne cikin kwanon. Idan akwai ƙuli-ƙuli da mai, kuma tuwo ko fura na nan tafe, wannan marmari ne. Idan ganye ne tsura da gishiri, safe da dare, kuma an fara haɗawa da tsohon ganyen da a da ake tsallakewa, gidan yana cikin wahala. Ganye yana cika ciki amma ƙarfin da yake bayarwa kaɗan ne. Yaro ɗan wata goma sha takwas da aka yaye, cikinsa ƙarami ne, ba zai iya cin ganyen da zai riƙe shi ba, ga kuma gudawar da tsohon ganye ke jawowa. Masu yabon tsirran gargajiya a taruka sukan manta da wannan ɓangare.

Akwai mutanen da suka fi mu cin moriyar ganyen. A Darfur da gabashin Cadi ana yin wani abu da ake kira kawal. Ana daka ɗanyen ganyen tafasa, a danna shi cikin tulu, a rufe da ganyen dawa, a binne tulun a ƙasa a inuwa. Duk bayan 'yan kwanaki a buɗe a juya. Bayan kamar mako biyu a fito da shi, a cura ƙanana, a shanya. Abin da ke fitowa baƙi ne mai ƙarfin wari, ana sa shi a miya a madadin nama, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa furotin ne. Masanin Sudan Hamid Dirar, wanda ya yi littafi a kan abincin Sudan da ake tsimawa a 1993, ya yi nazarinsa sosai. Daga cikin ƙwayoyin halittar da ke yin aikin har da wadda ke nunar da daddawarmu ta kalwa. Matan da suka iya daddawa ba za su sha wuyar koyon kawal ba. Ko hancin Bahaushe zai karɓa, wannan wata magana ce.

Mu dawo wurin tsohuwar da ke jiran 'ya'ya. Abin da mai girki ke ƙoƙarin zubarwa, shi mai magani ke nema. Ganye da saiwa da musamman ƙwayar tafasa suna ɗauke da wani dangin sinadarai da ake kira antirakwinon, cikinsu akwai kirisofanol da emodin. Irinsu ne ke cikin filasko, 'yar'uwar tafasa da aka fi sani da wankin ciki, kuma daga wani nau'in filasko ake yin ƙwayoyin sassauta ciki da ake sayarwa a kantin magani. Yadda suke aiki abin sha'awa ne. A cikin tsiron, sinadarin yana manne da sukari, kuma a haka ba ya komai. Ya wuce tumbi, ya wuce ƙaramin hanji, sai ya isa babban hanji. A can ƙwayoyin halittar da ke zaune a cikinmu ke cire sukarin. Nan take sinadarin ya farka, ya sa hanji ya riƙa matsawa da sauri, ya kuma hana shi tsotse ruwa. Wannan tafiyar ce ke sa wanda ya sha da dare ba ya ganin aiki sai da safe, bayan sa'a 6 zuwa 12. Wanda bai san haka ba yakan ce magani bai ci ba, ya ƙara kofi na biyu, gari ya waye yana murƙususu. Fitsari ma yakan canza launi ya yi ja-ja, mai magani ya ce ga dattin nan yana fita, alhali launin sinadarin ne.

Don haka idan aka ce tafasa tana maganin taurin bayan gida, gaskiya ne. Matsalar tana wurin yawa da daɗewa. Bahaushe yana son wankin ciki, yana ganin duk kasala da ciwon kai daga dattin ciki suke. Wanda ya mai da shi al'ada yana zubar da ruwa da sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi, hanjinsa kuma yakan saba har ya kasa aiki sai da tsikara. A farkon 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da ra'ayin cewa wasu daga cikin waɗannan sinadarai, har da emodin, suna iya taɓa ƙwayar gado ta jiki, kuma ba ta iya tsayar da adadin da za a riƙa sha kullum cikin aminci ba. Mace mai ciki, da jariri, da wanda ke gudawa, da mai ciwon ciki mai tsanani da ba a san dalilinsa ba, ba su da hurumi da wannan jiƙo. A yankin da kwalara ke ɓarkewa, kamar yadda ta yi a gundumar Madarumfa a Yulin 2018, bai kamata a sha wahalar bayyana abin da ƙarin zubar ruwa ke yi wa jiki ba.

Inda na fi ba tafasa gaskiya shi ne fata. Ana dandaƙa ganye ko a niƙa ƙwaya a kwaɓa da man shanu ko man kaɗe, a shafa wa makero da ƙyasbi. Indiyawa ma haka suke yi da tasu. A ɗakin gwaje-gwaje an sha ganin ruwan tsiron yana hana naman gwarin da ke jawo makero yaɗuwa. Tarihin likitanci ma yana da abin cewa. Akwai wani gari da ake samu a cikin wata bishiyar Barazil, wanda Turawan Fotugal suka riƙa kaiwa Goa ta Indiya ana maganin makero da shi. Babban sinadarinsa ɗan'uwan kirisofanol ne na jini. A 1876 wani likitan fata na Landan, Balmanno Squire, ya ba da rahoton cewa garin yana warkar da cutar fatar nan mai ɓawo-ɓawo da ake kira soriyasis. A 1916 aka haɗa makamancinsa a Jamus, wato ditiranol, kuma har yau likitocin fata suna amfani da shi. Tsohuwar ba ta san Goa ba, amma hannunta ya faɗa kan dangin sinadarin.

Iyakar maganin shafawa ita ce kai. Makeron da ke cin kan yara, wanda ya yi yawa a makarantun allo da duk inda ake aski da aska ɗaya, yana shiga cikin silin gashi ne har gindinsa. Abin shafawa, na gargajiya ne ko na kanti, ba ya kai wa can. Tun daga 1958 ake da maganin sha mai suna girisiyofulbin, wanda ake sha na makonni. Uwa takan yi wata uku tana shafa tafasa, tabon ya lafa ya dawo, ƙannen yaron su ɗauka. Ƙazuwa kuwa wani ɗan ƙwaro ne ke haƙa rami a fata, maganinta sai an haɗa duk 'yan gida da wanke tufafi da shimfiɗa.

Batun ido na zo masa da taka-tsantsan. A ƙasar Sin ƙwayar tafasa tana cikin kundin magungunan hukuma, ana ba da ita don jan ido da taurin ciki. A Koriya da Japan ana soya ta a yi shayi. Amma a lura, sha suke yi, kuma soyayya, don wuta tana rage kaifin sinadarin. Abin da ake yi a wasu ƙauyukanmu daban ne, matse ruwan ganye ake yi a ɗiga cikin ido. Ganyen da aka tsinko a bakin juji, aka murje da hannu, yana iya kai ƙwayar cuta ko naman gwari cikin idon da dama ya riga ya sami rauni. Likitocin ido a Afirka sun daɗe suna kuka da gyambon ido da ke biyo bayan irin wannan ɗigi.

Sai zazzaɓi da shawara, waɗanda masu tallar magani da lasifika a kasuwa ba sa tsallakewa. Babu wani gwaji a jikin mutane da ya nuna tafasa tana kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ga shi kuma lokacinta da lokacin sauro ɗaya ne, tana bakin ƙofa, likita yana nesa, kuɗi sun ƙare. Babban mutum da jikinsa ya saba da cutar yana iya shan jiƙo ya tashi, ya ce magani ya yi. Yaro ɗan shekara biyu ba shi da wannan garkuwa, kwana biyu na jira sun isa jininsa ya ƙare ko ya fara suma. Tun 2013 aka fara raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata a lokacin damina a Nijar, kuma Madarumfa tana cikin gundumomin farko. Shawara kuwa alama ce, ba cuta ɗaya ba. Tana iya zama ciwon hanta, tana iya zama zazzaɓi ne ke farfasa jini. Hantar da ke fama ba ta buƙatar a ɗora mata antirakwinon.

Yanzu ga amfanin maganar bakin ganye. Tafasa tana da 'yar'uwa da ke tsirowa kafaɗa da kafaɗa da ita a juji, wato rai-ɗore, Senna occidentalis. Furensu rawaya ne dukansu. Amma ƙananan ganyen rai-ɗore suna da tsini, jerinsu yakan kai huɗu ko biyar, ɗan ƙurjin nan yana can gindin sille kusa da kara, warinsa ya fi ƙarfi, kwansonsa kuma faffaɗa ne a shafe, yana kallon sama. Hausawa suna girmama rai-ɗore a maganin zazzaɓi da wankan jego. Ƙwayarsa ɗanya kuwa guba ce. A yankin Saharanpur na arewacin Indiya an yi shekaru yara suna mutuwa duk bayan damina, su fara da amai, su fita hayyacinsu, mafi yawa su cika cikin kwana biyu ko uku. An daɗe ana zargin wata ƙwayar cutar ƙwaƙwalwa. Sai a 2007 likitan yara Vipin Vashishtha da Farfesa Jacob John da abokan aikinsu suka nuna cewa 'ya'yan talakawa ne ke cin ƙwayar rai-ɗore a wurin wasa, tana lalata musu hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Da aka shiga tumɓuke ciyawar ana faɗakar da iyaye, mace-macen suka ragu ƙwarai. Babbar mace a ƙasar Madarumfa ba za ta rikita tsirran biyu ba. Yaron da aka aika, ko wanda yunwa ta kora bayan gari a watan Oktoba, shi ne abin ji.

Ita ma ƙwayar tafasa ɗanya illarta ba kaɗan ba ce ga dabba. A kudu maso gabashin Amurka, inda take cikin manyan ciyayin da ke addabar gonakin waken suya da auduga, injin girbi yakan haɗo ta da hatsi. Shanu da kajin da suka ci da yawa sukan yi gudawa, tsokarsu ta lalace, su kasa tashi. A jihar Kwinsland ta Ostareliya doka ce ta wajabta yaƙi da ita. Mai kiwon kaji da ke sayen tsakin dawa ko dusa mai arha a kaka ya dinga baza ta a tafin hannu yana dubawa.

Abin mamaki, wannan ƙwaya da kaza ke mutuwa a kanta yanzu haja ce. Tsakanin ɓawonta da ɗan tsiron da ke ciki akwai wani farin ɓargo mai yauƙi. Masana'antu, galibinsu a Indiya, suna fasa ƙwayar su ware shi, su wanke, su niƙa ya zama garin da ke sa abu ya yi kauri. Ana zuba shi a abincin karnuka da kyanwoyi na gwangwani, da cuku, da askirim. A Turai lambarsa E427. Saboda wannan buƙata da ta masu shayi a Asiya, 'yan kasuwar Kano sun shiga sayen 'ya'yan tafasa buhu-buhu, kuma mata da yara ne ke karyo busassun kwansuna bayan an gama girbi, su sussuka, su sheƙe. Karan kuma ya tafi shinge ko murhu.

Masu sayen na can suna da sharuɗɗa biyu masu tsauri. Garin da aka gama kada antirakwinon ɗin da ke cikinsa ya wuce rabin miligiram a kilo guda, wato sai an wanke maganin tas kafin ya zama abinci. Wannan aikin masana'anta ne. Na biyun kuwa a hannun mai tsinka yake: ƙwayar rai-ɗore da ta gauraya kada ta kai kashi 0.05 cikin 100. A buhu mai kilo 50, giram 25 ke nan.